Uwar Ɓeraye da Ɓawon Albasa

Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta yi shekara ashirin da bakwai tana kiwon ɓeraye, ana kuma biyanta albashi a kai. In na faɗi haka a cikin mutane sai a kwashe da dariya, a ɗauka shaƙiyanci nake yi. Wallahi gaskiya ce. A cibiyar binciken magunguna da ke bayan babban asibiti ta yi aiki, a wani dogon ɗaki mai taga biyu can ƙarshen baranda, inda ake ajiye fararen ɓerayen da masana ke gwada magani a jikinsu kafin a kai ga mutane.

Da tsintsiya ta fara. Mijinta direban cibiyar ne, da ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, sai aka tausaya aka ɗauke ta shara. Tana wata na huɗu, wata safiya wani ɗalibi ya yi tuntuɓe da keji a hannu, murfin ya ɓalle, ɓeraye goma sha biyu suka watsu a ɗakin gwaje-gwaje. Gwaggo ta ce ranar ta ga ilimi ya hau tebur. Masu digiri bibbiyu da masu uku-uku, maza da mata, kowa ya ɗare kan abin da ya fi kusa da shi. Wani babban dakta yana tsaye bisa kujera yana ba da umarnin da ba mai bi. Ita kuwa ta jingine tsintsiya, ta tura ƙofa, ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya tana kamo wutsiya tana jefawa a bokiti. Na ƙarshen a cikin takalmin daktan ta same shi, takalmin da ya tuɓe garin hawa kujera.

Washegari aka mayar da ita ɗakin dabbobi, aka ba ta farar riga da safar hannu. Tun daga ranar sunan Uwar Ɓeraye ya manne mata a wurin aiki. A layinmu kuwa Gwaggo kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Na taɓa shiga ɗakin nan sau ɗaya, ina 'yar sakandare, na kai mata makullin gida. Kejoji jere a kan kantoci hawa huɗu, kowanne da garin katako a ƙasa da kwalbar ruwa mai bakin ƙarfe a kife a sama. Fanka na juyawa tana raba wari daidai wa daida ga kowane lungu. Gwaggo tana tafe tsakanin kejojin tana yi musu faɗa kamar uwar da ta dawo unguwa ta tarar an yi ɓarna. Wannan mai haɗama ne, wancan ya ciji ɗan'uwansa, waccan ta kusa haihuwa. Ranar hutu ma sai ta je, ta ce ɓera bai san Lahadi ba. Mu yara mun daɗe ba ma karɓar abin ci daga hannunta sai mun ga ta wanke shi a gabanmu.

Babban aikin sashensu shi ne binciken wasu sinadarai na jikin tsirrai da masana ke kira filabonoyid. Harshen Gwaggo bai taɓa ɗaukar kalmar gaba ɗaya ba, sai ta gutsure ta ta bar filabo, har daktocin ma suka bi ta. A cikinsu mutum ɗaya ce ta taɓa zama ta yi mata bayanin abin da ake yi, wata gajeriya mai tabarau da ake kira Dakta Ƙarama don ita ce auta a sashen.

"Mama," ta ce da ita wata rana suna jiran awo, "tsiro ba shi da ƙafar gudu. Rana ta gasa shi, ƙwaro ya cije shi, yana nan tsaye. Shi ne yake haɗa wa kansa waɗannan sinadaran su kare shi. Suna cikin ganyen shayi, suna cikin lemo, ɓawon albasa ma cike yake da su. Mu kuma muna son mu ga ko za su yi mana wani amfani."

"Amfanin me?"

"A jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne masu gadin jiki. In ƙaya ta soke ki, ko cuta ta shigo, sai su ruga wurin suna kiran 'yan'uwansu. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi. Wannan kumburin alheri ne, da shi ake korar ɓarawo. Matsalar ita ce wani lokaci ɓarawon ya daɗe da tafiya amma ba su daina ihu ba, har su koma fasa kayan gidan."

"Kamar 'yan sintirin layinmu ke nan," in ji Gwaggo. "An kama ɓarawon tun bara, har yau usur suke busa mana."

"To filabo shi ne mai ce musu su sassauta murya."

"Suna ji?"

"In an zuba su a faranti an ɗiga musu, suna ji sosai. A jikin ɓera, wani lokaci su ji, wani lokaci su yi kunnen ƙashi. A jikin mutum kuwa, hanji da hanta suna canja yawancinsa kafin ya isa inda ake so. Ba mu sani ba tukuna, Mama. Shi ya sa muke nan."

Yadda ake gwajin kuwa, sai a yi wa ɓera allura a tafin ƙafa don ta kumbura. Wasu a ba su tataccen ruwan ɓawon albasa, wasu a ba su ruwa zalla, sannan a riƙa auna ƙafar kowace awa. Gwaggo ce mai riƙewa. Da tafiya ta yi nisa, da ɗan yatsanta kawai takan faɗi awon kafin ma'auni ya faɗa, ba ta kuma cika kuskure ba. Ta lura da wani abu kuma. Gwajin da ya yi kyau yakan fita a takarda da sunayen mutum bakwai a kai. Wanda bai nuna komai ba yakan shiga durowar ƙasa ta kabad. Durowar nan ta cika har sai an taka ta da ƙafa take rufuwa.

Sunan farko a kowace takarda na Farfesa ne, shugaban sashe. Mutum ne mai kirki in an same shi, sai dai ba a samunsa. Taro ne abincinsa. In ba ya wajen buɗe taro to yana wajen rufe wani. A tsawon zaman Gwaggo sau biyu ya shiga ɗakin ɓeraye, duka biyun da baƙi a bayansa da hankici a hancinsa.

Saura shekara guda Gwaggo ta yi ritaya aka gayyaci Farfesa gidan rediyo. Muna tsakar gida ni da ita muna tsintar wake muka ji muryarsa.

"Bincikenmu ya nuna ɓawon albasa yana ɗauke da sinadarin da ke rage kumburi, yana kuma daidaita garkuwar jiki."

"Wato, Farfesa, maganin ciwon gwiwa ne da ciwon gaɓoɓi?" in ji mai shirin.

"Ana iya cewa haka."

"Ciwon suga da hawan jini fa?"

"Ƙofa a buɗe take."

Gwaggo ta ajiye tire ta kasa kunne, tana jiran a ambaci 'ya'yanta. Aka yi rabin awa, aka karanta gaisuwar masu sauraro, aka sa kiɗa. Kalmar ɓera ba ta fito daga bakin kowa ba.

Kafin mako ya zagayo, masu albasa a kasuwa, waɗanda da suke share ɓawo su zuba wa awaki, sun fara ƙulla shi a leda. Awakin kasuwa suka rame. Ƙofar gidanmu kuma ta koma kamar ta ɗakin shan magani, don kowa a layin ya san inda Gwaggo ke aiki. Na farko da ta zo matar mai cajin waya ce, da ƙunshin ɓawo a gefen mayafi.

"Gwaggo, dafawa ake yi ko jiƙawa?"

"Ba ko ɗaya. A ɓera aka gwada."

"Ya yi aiki?"

"Ga wasu ɓerayen ya yi, ga wasu bai yi ba."

"To madalla, tunda ya yi aiki."

Ta fita ta shaida wa layi cewa Gwaggo ta tabbatar. Duk wanda ya zo bayanta abu ɗaya Gwaggo ke faɗa masa: ka ci albasarka a abinci, ka sha lemo in ka samu, ka riƙe maganin da likita ya ba ka. Mutane suka ce wannan ai ba magana ba ce, kowa ya san wannan. Wasu suka ce rowa ce, ta san ainihin haɗin tana ɓoyewa. Wasu suka ce ba laifinta ba ne, rantsar da su ake yi a wurin aiki. Iya ƙin da ta yi, iya darajar sirrin ta ƙaru.

A nan Baffa ya shigo. Baffa shi ne autansu Gwaggo, mutum mai fara'a da zaƙin baki, wanda bai taɓa riƙe sana'a ɗaya ta kai damina biyu ba. Ya sayar da man fito da gashi alhali kansa na ƙyalli kamar ƙwai. Ya sayar da tabarau mai hana ciwon kai. Ya zo da yamma ya zauna bakin tabarmar Gwaggo yana murza hannu.

"Yaya, arziki ya biyo mu har gida kina korarsa da muciya. Ke kawai ki faɗa mini awon, cokali nawa a kofi. Sauran aikin nawa ne."

"Awon ɓera na sani. Kai ɓera ne?"

"Haba Yaya, ai jiki duk jiki ne."

"Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi yana dariya. A zaure ya tare ni, ya ce yana son hoton Gwaggo na cikin farar riga, zai sa a wanke babba a saka a firam, tsarabar ritaya. Na ji daɗi har na yaba masa a raina, na tura masa ta waya. Wannan laifina ne, kuma har yau in an tuna sai na sunkuyar da kai.

Wata biyu ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ashe yana can babbar tashar mota, ɗaya gefen gari, da tebur da lasifika.

Ƙofar gidanmu tana kallon shagon Tela, wani dattijo mai ciwon suga da ya fi shekara talatin yana taka keken ɗinki a wurin. Ƙarar kekensa ita ce agogon layin. Wata safiya Gwaggo tana ɗaura ɗankwali za ta fita aiki sai ta tsaya.

"'Yar nan, yau kwana nawa ba ki ji keken Tela ba?"

Na yi lissafi, uku. Ta tsallaka titi, na bi ta. Shagon a buɗe yake rabi, Tela yana kishingiɗe kan benci tsakanin yadudduka, ƙafarsa ta dama a naɗe da ƙyalle bisa kujera. Gwaggo ba ta ko gama sallama ba hancinta ya gaya mata.

"Malam, me ya sami ƙafar?"

"Almakashi ne ya faɗo mini a yatsa, an kwana biyu. Ta ɗan kumbura, amma ina kan magani."

"Na asibiti?"

"A'a, na ajiye wancan. An ce ba a haɗa su. Naki nake sha."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata leda mai sheƙi. A jikinta ga Gwaggo cikin farar riga, an ƙara mata abin sauraren ƙirji a wuya wanda ba ta taɓa ratayawa ba. A sama an rubuta SHAYIN FILABO NA DAKTA GWAGGO. A ƙasa cututtuka ashirin da ɗaya a jere, na ƙarshe shi ne mantuwa.

"Ni fa ba na shan maganin tasha," in ji Tela. "Da na ga fuskarki ce na ce wannan ba ƙarya. Shekara nawa muna tare, ko canjin allura ba ki taɓa ci mini ba."

Gwaggo ta durƙusa ta kwance ƙyallen. Na juya baya. Ita ba ta juya ba, ta daɗe tana kallo, ta danna saman ƙafar da ɗan yatsa kamar yadda ta saba.

"Wannan ba kumburin da ake lallashi ba ne, Malam. Nan ɓarawon yana ciki. 'Yar nan, tare mana mota."

A asibiti likitan da ya duba shi matashi ne mai saurin fushi. Ya tambayi abin da Tela ke sha, Tela ya miƙa masa ledar. Likita ya dubi hoton, ya dubi Gwaggo, ya sake duban hoton.

"Ke ce daktar?"

"Ni ce ta jikin hoton."

Bai bar ta ta ƙarasa ba. Ya wanke ta tas a gaban ma'aikatan jinya da masu jiran layi, ya ce irinsu ne ke cika masa gadaje, tsofaffi da su ba sa tsoron Allah. Gwaggo, wadda ko Farfesa ba ta bari ya ɗaga mata murya, ta tsaya hannu a baya har ya gama. Da muka fito na ce me ya sa ba ta faɗa masa gaskiya ba. Ta ce, "Abin da ya faɗa daidai ne, adireshi kawai ya ɓata. Zan kai wa mai shi."

An yanke wa Tela yatsu biyu. Likitan ya ce da an ƙara kwana uku, da ƙafar ce gaba ɗaya.

Daga asibiti tasha muka wuce. Tun daga bakin ƙofa muke jin muryar Baffa a lasifika yana lissafa cututtuka kamar mai kiran fasinja. Bai gan mu ba sai da Gwaggo ta fizge makirufo daga hannunsa.

"Jama'a, ku dube ni da kyau. Ni ce wannan ta jikin ledar. Ni ba dakta ba ce. Kashin ɓera nake kwashewa, shi ne aikina. Wannan abin ɓawon albasa ne da ganyen shayi, ba ya maganin komai da aka rubuta a nan!"

Sai wani daga bayan taro ya ɗaga murya, "Kai, ga daktar da kanta ta zo!" Nan take aka yo kanmu. Wata mata tana miƙo jaririnta a taɓa, wani direba yana naɗe wando ya nuna gwiwa. Wani dattijo ya ce da na kusa da shi, ka ga masu ilimin gaske, ba sa yabon kansu. Kafin Gwaggo ta ankara an sayi leda shida, Baffa yana ba da canji ta bayan ƙugunta.

Da ta ga magana ba ta ci, sai ta ajiye makirufo, ta sunkuci katan ɗin gaba ɗaya ta juye a kwata, ta bi da ƙafa tana tattakewa. Sannan ta juyo ga Baffa, ta yi magana a hankali yadda mu uku kawai muka ji.

"Tela yana kwance an cire masa yatsu. In na ƙara ganin fuskata a jikin leda, ko gawata kada ka zo kai."

Baffa bai taɓa jin irin wannan daga bakinta ba, ita da ta goya shi. Ya naɗe teburinsa. Washegari ya je asibiti da lemo ya durƙusa gaban gadon Tela. Tela ya yafe masa, amma ya ce rigar da ya kawo ɗinki tun bara sai ya nemi wani telan.

Saura Farfesa. Kwana huɗu Gwaggo tana zarya a ƙofar ofishinsa kafin ta kama shi tsakanin taro biyu, yana cusa takardu a jaka.

"Ranka ya daɗe, maganar da ka yi a rediyo ta ci yatsun maƙwabcina."

Ya saurari labarin, ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba ko kaɗan. "Amma Mama, ni ban ce kowa ya ajiye maganinsa ba."

"Ba ka ce ba. Amma ba ka ce ɓera ba."

"Rediyo ba ta da lokacin dogon bayani."

"Ɓera gaɓa biyu ce, ranka ya daɗe. An sami lokacin gaishe da mutum arba'in."

Ya yi murmushi irin na manya, ya ce wannan muhimmin batu ne, zai kafa kwamiti ya duba yadda ake isar da sakamakon bincike ga al'umma. An kafa kwamitin kuwa, an ce har ya zauna sau biyu an sha lemo. Dakta Ƙarama ce ta gaji da jira ta je gidan rediyon da ƙafarta ta yi bayanin faranti da ɓera da mutum dalla-dalla. Aka sa shirin nata da tsakar rana ranar Talata, lokacin da kowa ke wurin nema. A layinmu mutum biyu suka ji, Gwaggo da Tela.

Abin da ya kashe kasuwar ɓawon albasa daga baya ba gaskiya ba ce, wani ne ya fito a wata tashar rediyo ya ce ƙwallon wani ɗan itace ya fi shi ƙarfi sau goma. Awaki suka samu suka murmure.

Gwaggo ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Zaman gida bai karɓe ta ba. Gwiwoyinta, da suka sha tsayuwa da durƙuso a gaban kejoji, suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, hawa matakala uku na ƙofar gida sai da dafa bango. Ana haka Dakta Ƙarama ta zo gaishe ta, ta ce an ba ta izinin gwada filabo a jikin mutane, masu ciwon gwiwa sittin. Rabi za a ba su kafso mai filabo, rabi kafso mai garin sitaci zalla, kamanninsu ɗaya. Ba wanda zai san wanne yake sha, har ita daktar, sai an gama an buɗe ambulan.

"Rubuta ni," in ji Gwaggo. "Na riƙe ƙafar wasu shekara da shekaru, yau a riƙe tawa."

Sau biyu a mako take zuwa a auna ta a ɗebi jini, kuma don ƙin jiran mota, da ƙafa take tafiya, tana hutawa a hanya. Mako na uku ta ce gwiwar ta ɗan saki. Mako na shida ta hau matakala ba ta dafa komai ba, ta tsaya a sama tana kallona ko na lura. Mako na takwas ta kira ni ɗaki ta sa na turo ƙofa.

"'Yar nan, kada ki gaya wa Baffanki. Abin nan yana yi."

"Gwaggo! Ke da kika ce ba a sani ba tukuna?"

"Da ba a sani ba. Yanzu ni na sani, ai gwiwata ce. Gani ya kori ji. Wataƙila ma na matsa wa Farfesa da yawa."

Bayan wata uku aka tara su a ɗakin taro na cibiyar, na raka ta. Dakta Ƙarama ta ce a jinin masu shan filabo an ga alamun kumburi sun ɗan ragu, kaɗan dai, amma a ciwon gwiwa ba a ga wani bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba, kuma mutum sittin sun yi kaɗan a yanke hukunci. Ta ce haka za ta rubuta shi, ba ƙari, kuma ba zai shiga durowa ba. Daga nan aka miƙa wa kowa 'yar takardarsa. Gwaggo ta ba ni tata, tabaraunta yana gida.

Na karanta sau biyu. "Gwaggo, sitaci."

"Me?"

"Kina cikin 'yan sitaci."

Ta karɓe takardar ta nufi Dakta Ƙarama da ita. "Duba mini da kyau, ko an musanya."

"Ba a musanya ba, Mama."

"To gwiwar fa? Ƙarya take mini?"

"Ba ƙarya take ba. Wata uku kina takowa nan da ƙafa, kin rage nauyi, ga ma'auni ya nuna. Kuma kin sa rai. Sa rai ma yana rage jin ciwo, shi ya sa muke ba rabi sitaci."

Gwaggo ta ninke takardar ta cusa a jaka. Muka fita ƙofar cibiyar. Ni kuwa dariya ta cika mini ciki, ina ta danne ta da tari. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yi dariyarki ki huta, kada ki shaƙe. Ni da na san komai wata biyu ya ishe ni in ruɗe, ina ga matar mai caji." Kwana uku ba ta kula ni ba.

Yanzu tana da shekara sittin da huɗu. Kowace safiya ita da Tela sukan taka har bakin babban titi su dawo, shi da sandarsa ita da carbinta, suna gardamar wanda ya fi wani sauri. Tana shan ƙwayoyin da likita ya rubuta mata a kan lokaci, tana shan lemo don tana son lemo.

Ban gaya wa Baffa ba, Allah shaida. Amma magana ba ta kwana a layinmu. Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan buɗe ambulan sai ga shi da yamma, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gwiwa, ya zauna can nesa da inda hannunta zai kai. Ya yi ta kewaye-kewaye, zancen zafi, zancen tsadar mai. Da ya miƙe zai tafi, ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah tambaya ɗaya, ba don komai ba. Shi wannan sitacin, wane iri ne?"

Takalminta ya same shi a kafaɗa kafin ya kai zaure.